Rufin da na gyara, na kuma fasa da hannuna

Shekarun baya, tun gemuna bai fara fari ba, na kama aikin tuƙa wani dattijo Balarabe a Al Rayyan, nan Doha. Shi ne kafil ɗina, wato da sunansa takardun zamana suke, amma a cikin gida Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Jiya da yamma na ga hadari ya haɗo, sai wannan labari ya faɗo mini a rai, na ce bari in ba ku, ko ba komai ku yi mini dariyar da wani abokina yake yi mini har yau.

Aikina ba mai wahala ba ne. Kullum da safe bayan an karya, in kai Baba Corniche, can bakin teku, in yi fakin a inda yake hango jiragen ruwan katakon nan, ya sauke gilashi ya yi ta kallo. Mahaifinsa a teku ya yi rayuwarsa, shi ya sa ba ya gajiya da wurin. Abin da nake so ku riƙe shi ne, Baba ba ya zama a bayan mota. Tun ranar farko da na buɗe masa ƙofar baya ya harare ni, ya zagaya ya shiga gaba, ya ce shi ba buhun shinkafa ba ne. Direbobin unguwar har tsokanata suke yi, wai ba a san wa ke tuƙa wa ba. Larabcina a lokacin guntu-guntu ne, amma muna hira yadda ya samu, kuma rabin hirar a kan abu ɗaya take: yadda ya yi shekaru yana kasuwanci ba tare da wani ya taɓa ce masa ya kawo takarda ba, maganarsa kawai ta isa. Ya ba ni labarin nan ya fi a ƙirga, ni kuma kullum in ce ma sha Allah kamar ban taɓa ji ba.

Ni kuwa ɗan magini ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ke yi wa rabin garinmu rufin soro. A gidanmu doka ce, da zarar ruwa ya ɗauke, ba a karyawa sai an hau sama an duba. A share indararo, a bi kowace tsaga, a cike ta tun ƙasa tana da danshi. A wurinsa babu abin kunya kamar a ce rufin gidan da yake ciki ya kwana biyu yana yoyo. Yana kuma da wata al'ada da muke yi wa dariya: kafin ya taɓa laka, sai ya ɗauki gawayi ya zagaye duk inda ya tsage, ɗaya bayan ɗaya, don kada aiki ya yi nisa ya manta wata. Na koyi aikin a dole, da na samu dama kuma na gudu na koyi mota. Har ya rasu yana cewa na ɓata hannuna a kan sitiyari.

To, a wani lokacin sanyi aka fitar da Baba waje don yi masa aiki a gwiwa. Iyali duka suka bi shi, aka bar ni da gida da makullai. Wanda ya san Doha ya san ruwa baƙo ne a nan, amma ranar da ya ga damar zuwa ba ya sallama. Wata rana bayan la'asar gari ya yi baƙi, iska ta taso da ƙarfin da ban taɓa gani ba a ƙasar. Ina cikin ɗakina na ji wani ƙara a sama, kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Sai ruwa ya kece.

Da ya ɗan tsagaita na hau. Rufin gidajen nan shimfiɗaɗɗe ne kamar soronmu, sai dai na kankare ne, an shimfiɗa masa wata leda mai kwalta da ke hana ruwa shiga, sannan aka ɗora tayil a kai. Akwai wata rumfar ƙarfe da aka yi wa tankunan ruwa saboda rana. Iska ta tumɓuke ta, ta ja ta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ƙafarta ɗaya ta bi tana farfasa tayil tana yaga kwaltar da ke ƙasa. Kwanon rumfar kuma ya je ya toshe magudana, ruwa ya taru har idon sawu. Da na sauko na leƙa majlis, ɗakin baƙin Baba, na tarar silin ya jiƙe ya rufto a kan kafet.

Na kira babbar 'yarsa, wadda ita ke riƙe da takardun gidan. Ta fara tambayata ko ni lafiya, sannan ta ce in kwantar da hankalina, gidan yana da inshora, za ta kira su su turo mutum. Daga baya na ji cewa Baba da kansa ya karɓi wayar a kan gadon asibiti, ya gaya wa kamfanin cewa guguwa ta farke masa rufi.

A lokacin abin da na sani game da inshora shi ne takardar da ke cikin mota, wadda ake nuna wa ɗan sanda in an yi karo. Da ta ce za su turo mutum, ni a tunanina magini za su turo da bokitinsa. Na jira kwana ɗaya, na jira biyu, shiru, don gidajen da iska ta taɓa suna da yawa. Waya kuma tana nuna wani ruwan yana tafe. In na kwanta sai in ji kamar mahaifina yana tsaye a kaina yana tambayata ɗan wane ne ni. Ga gidan mutumin da ke ce mini ɗana yana yoyo, ga ni ɗan magini a ciki ina shan shayi ina jiran baƙo. Abin ya ƙi zauna mini.

Sai na kira abokina, wani Bazazzagi mai walda a Sanaiya, unguwar gareji-gareji da masu sana'a. Mutum ne mai baki, amma hannunsa yana da kyau. Ranar Juma'a da sassafe ya iso da a-kori-kurar wurin aikinsu, da ledar kwalta da siminti. Muka kwashe fasassun tayil. Kafin in taɓa komai na sauka kicin na ɗebo gawayin da ake kunna turaren wuta da shi, na bi yagar ina zagayewa tun daga farko har ƙarshe. Abokina ya tsaya yana kallona, ya ce ko tsafi zan yi wa rufin Larabawa. Ban kula shi ba. Rabona da in yi wannan abu tun ina saurayi, amma hannuna bai manta ba.

Muka liƙe kwaltar, muka zuba siminti, na samo ragowar tayil iri ɗaya a sito na jera su. Da ma a nan muka tsaya. Ina! Aiki ya yi daɗi, muka sauka majlis muka gyara silin, muka shafa fenti, na wanke kafet na shanya. Tarkacen duka muka kai bola. Rumfar ƙarfen kuwa na ce abokina ya tafi da ita kyauta, ko ya yi wani abu da ita. Da muka gama na ba shi wayata ya yi ta ɗaukata hoto: ga ni riƙe da cokalin gini, ga ni na riƙe ƙugu, ga ni ina nuna tayil da yatsa. Na tura wa mahaifiyata. Bayan kwana biyu ruwa ya sake zuwa, ko ɗigo bai shiga ba. Gaskiya a ranar ko tafiyata ta canza.

Sai da aka yi mako guda mutumin inshora ya zo. Ba bokiti, ba cokali. Wani tsaf-tsaf ne da takalmi mai sheƙi da babbar waya a hannu. Na kai shi sama, ya zagaya rufin sau biyu, ya leƙa bayan tankuna, ya duba takardarsa ya sake duba lambar gidan. Sannan ya tambaye ni ina ɓarnar take.

Na buɗe ƙirji na ce, "Khalas, an gama, ai na gyara."

Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Wa ya ce ka gyara?"

Na ce masa ruwa ne zai dawo. Ya tambaya ko na ɗauki hoto. Cikin murna na miƙa masa wayata. Ya yi ta turawa da yatsa, ni ne, ni ne, ni ne dai, ko ɗaya babu na rufin kafin gyara. Ya tambayi fasassun tayil, na ce suna bola. Rumfar fa? Na ce na bayar. Muka sauka majlis ya ga silin fari tas yana ƙamshin fenti. Ya yi rubutu mai tsawo, ni kuwa ina gefe ina murmushi, a zatona yabon aikin yake rubutawa. Har shayi na yi masa tayi.

Su Baba suka dawo, yana dogara sanda. Ya shiga majlis ya ɗaga kai, ya sa mini albarka har na ji kunya. Muka koma zuwa Corniche, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin ɗansa na Najeriya da ya hau sama ya yi aikin mutum biyar. Na ci wannan daɗin na kusan mako biyu.

Sai wasiƙa ta zo. 'Yarsa ta kira ni tsakar gida ta karanta mini a hankali, tana fassarawa. Kamfanin ya ce ba su ga wata shaida ta ɓarnar guguwa ba, kuma an yi gyara kafin a duba. Ta ce duk wannan da sauƙi. Sai ta sa yatsa a kan wata jimla: wai bayanin da mai gida ya bayar bai dace da abin da aka tarar ba. Ta yi mini bayani cewa akwai masu tsohon yoyo a gida, in an yi iska sai su ɗora mata laifi don a yi musu sabon rufi, kuma da irin wannan jimlar ake amsa musu. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ita ma da laifinta, ya kamata ta ce mini kada in taɓa komai, amma ko a mafarki ba ta zaci direba zai hau sama ya yi gini ba. Baba yana zaune a kujerarsa yana ji.

Washegari na fito da mota, na zauna ina jira ya buɗe ƙofar gaba. Sai na ji an buɗe ta baya.

Har muka isa Corniche bai yi magana ba, bai sauke gilashi ba. Bayan ɗan lokaci ya ce mu koma. Haka washegari, haka wanda ya biyo. Bai zage ni ba, bai rage mini komai ba, in na gaishe shi yana amsawa. Da zagin ya yi da na fi samun sauƙi. Na san ba rufin ne ya dame shi ba, yana da halin da zai yi goma irinsa. Mutumin da ya tsufa yana tinƙaho da cewa ba a taɓa ƙaryata shi ba, yau ga takarda mai hatimi tana ce masa maƙaryaci cikin ladabi, kuma hannuna ne ya jawo. Na ji ciwon abin sosai, abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Na kai kuka wurin abokina. Da farko ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a duk Qatar ni kaɗai ne aikin kirki ya kai ƙara. Da ya ga ba wasa a fuskata sai ya ce in fara neman wani kafil, don Balarabe in ya koma kujerar baya ya gama magana. Sannan ya kawo wata dabara: ya san gidaje da yawa da iska ta yi wa irin wannan ɓarna, zai samo mini hotunan ɗaya, wa zai bambanta rufi da rufi? Ba zan ɓoye muku ba, na yini guda ina juya maganar a raina. Abin da ya tsayar da ni shi ne, yanzu dai zargin ƙarya ake yi wa Baba alhali gaskiya ya faɗa. In na kai hoton gidan wani, na mai da shi maƙaryaci na gaske, shi kuma bai sani ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kira mahaifiyata kamar yadda na saba. Ta sake kawo maganar hotunan, wai ta nuna wa duk matan gidan, kowa ya ce ga mahaifina ya dawo. Ban san lokacin da na kwashe komai na gaya mata ba. Inshora dai ba ta gane ta ba, na yi bayani har na gaji, amma ta gane cewa an ƙaryata dattijo saboda ni.

Sai ta tuna mini wani abu da na manta. Akwai shekarar da mahaifina ya canza wa wani mutum azarar da gara ta ci, ya rufe, ya yaɓe. Daga baya 'yan'uwan mutumin suka ce ƙarya yake yi, ba a canza komai ba, ya dai ci abin da suka aiko masa. Mahaifina bai yi gardama da kowa ba. Ya ɗauki diga ya hau, ya buɗe rufin da ya kwana uku yana yi, ya ce kowa ya zo ya gani da idonsa.

Ta ce, "To kai me kake jira? Yagar ai tana nan a ƙasa, ba ka cinye ta ba."

Na ce, "Inna, aikin fa ya yi kyau. Ko ɗigo ba ya yi."

Ta ce, "Aikin hannunka ya fi maka maganar dattijo?"

Gaskiyar magana, dabarar ta taɓa gilma mini a rai kafin ta faɗa, na kawar da kai. Wannan rufin shi ne abu ɗaya tilo da na taɓa yi wanda na san mahaifina zai duba ya gyaɗa kai, kuma ba na son in taɓa shi.

A ranar na sami 'yar Baba na gaya mata cewa yagar tana nan ƙarƙashin gyarana, in za su dawo zan buɗe musu. Ta ce ana iya neman a sake dubawa, ta rubuta musu, bayan 'yan kwanaki suka sa rana. Ta ƙara da cewa in rumfar tana raye a nemo ta.

Na tafi Sanaiya, na tarar rumfar tana raye, sai dai ta canza sana'a. Abokina ya yanka ta ya yi benci a ƙofar garejinsu, ga ƙarti uku a kai suna shan shayi. Na tsaya ina kallon shaidata a ƙarƙashin mutane. Allah ya taimake ni ƙafar da ta yi ɓarnar ta lanƙwashe sosai, ba ta yi masa amfani ba, ya jefa ta bayan gareji, har da ɓurɓushin kwalta a bakinta. Duk da haka na ce benci ma sai ya bi ni. Mutanen suka tashi suna ƙunƙuni da kofuna a hannu, abokina yana gaya musu su yi haƙuri, bencin ne aka kira kotu.

Ranar da aka sa, mutumin nan mai takalmi ya dawo tare da wani injiniya. Muna shirin hawa sai na ga Baba ya miƙe da sandarsa. 'Yarsa ta ce likita ya hana shi matakala, ya yi kamar da bango take. Ya hau a hankali, mataki ɗaya ya huta, mu duka muna binsa a baya, har ya kai sama aka kawo masa kujera.

Na durƙusa da guduma a hannu. Tayil ɗin a jere suke, layi ya miƙe, ba wanda zai ce ba tare aka sa su da na asali ba. Bugun farko ya yi mini wuya, har sai da na ce bismillah sau biyu. Bayan shi kuma sai hannu ya saki. Na bi layin ina fasawa, na kwashe siminti, na kama bakin ledar da muka liƙa na ɗaye ta.

Ga yagar nan, doguwa, daga wajen tankuna har kusa da magudana. Ga kuma zanen gawayina baƙi ƙirin ya zagaye ta, kamar jiya na yi shi. Injiniyan ya tsuguna yana shafa bakin yagar, ya ce sabuwa ce, kuma kankaren gefenta ba shi da tabon tsohon ruwa. Ya tambayi ko mene ne wannan baƙin zane. Na gaya masa aikin mahaifina ne, haka yake yi kafin ya cike tsaga. Ya ce zanen ya nuna masa iyakar ɓarnar yadda na same ta, ya ɗauke shi hoto ta kowane gefe. Sannan aka kawo ƙafar rumfar, ya ɗora bakinta a cikin ramin da ta ƙwaƙule a kankare, ta zauna daram.

Mutumin inshora ya je gaban Baba ya ɗan rusuna, ya ce masa bayaninsa daidai ne, za su gyara rahoton, kuma za a yi rufin.

Baba ya ce, "Rufi ku yi ko ku bari. Jimlar nan nake so ku cire, kuma a rubuce."

Mutumin ya ce za a rubuta. Kafin su tafi ya ja ni gefe ya koya mini abin da ya kamata in yi tun farko, ba tare da wulaƙanci ba. Ya ce hana ruwa ƙara ɓarna ba laifi ba ne, su ma suna so a yi. Amma a fara ɗaukar hoto ta ko'ina, a rufe wurin da tamfol a danne, a ajiye duk abin da ya karye, a bar gyara na dindindin sai sun gani. Injiniyan kuma ya ce mini aikin da na fasa ya yi kyau. Na yi godiya, amma ban san ko daɗi zan ji ko haushi ba. Da suka tafi na shimfiɗa tamfol a kan ramin da na yi da hannuna, na danne da bulo.

Duk da haka Baba bai koma kujerar gaba ba. Kwana uku a jere ya ci gaba da zama a baya, har na fara tunanin ko abokina ya yi gaskiya. A rana ta huɗu sabuwar wasiƙar ta iso, 'yarsa ta karanta masa, ya sa ta maimaita.

Da safe na fito da mota, na zagaya na buɗe masa ƙofar baya, don na riga na saba. Ya tsaya yana kallon ƙofar, ya kalle ni. Sai ya sa bakin sandarsa ya tura ta ta rufe, ya buɗe ta gaba.

Ya ce, "Yalla, mu tafi, ɗan magini."

A Corniche ya sauke gilashi, ya daɗe yana kallon jiragen. Sannan ya ce in ba shi labarin mahaifina. Na ba shi da guntun Larabcina, har da indararo, kalmar da ta ba shi dariya ya yi ta maimaitawa. Da na gama ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, ya ce shi ya san abin da ake ji in mutum ya rusa aikinsa saboda wani. Na juya fuskata wajen teku, don ba na son ya ga idona.

Ma'aikatan kamfanin sun zo daga baya sun yi rufin gaba ɗaya, Baba ya sa ni in tsaya a kansu, na kuwa tsaya har suka gaji da ni. Bencin ma ya koma Sanaiya, yana nan ana shan shayi a kansa.

In na tuna abin yanzu dariya nake yi, musamman hotunan nan da na riƙe ƙugu. Na tafi da tarbiyyar gidanmu wata ƙasa, na yi abin da a garinmu za a yaba mini, ya kusa zubar wa dattijo mutunci. Ba na jin tarbiyyar ce ta yi laifi. Ni ne ban tsaya na tambaya ba, kuma in zan faɗi gaskiya, ba tausayin gidan kaɗai ya hau da ni sama ba, har da son a dawo a ce sannu da ƙoƙari. Tun daga lokacin, duk ɗan'uwa da ya zo sabo aka bar masa gida, abin da nake fara gaya masa ke nan: in wani abu ya lalace, waya kafin guduma. Wasu su ji, wasu su yi mini kallon tsoho mai surutu.

Har yanzu ina gidan. Baba ya ƙara tsufa, gwiwar ba ta barinsa fita kullum. Jiya da hadarin nan ya haɗo, ina jin muryarsa daga majlis yana tambaya ko na duba indararo, da irin lafazinsa da ba ya fita daidai. Na hau sama da waya a aljihu ɗaya, guntun gawayi a ɗayan, na share magudana, na girgiza ƙafafun sabuwar rumfar na ji su daram. Da na sauko ban same shi a majlis ba. Wai yana so ya ga saukar ruwa a kan teku. Na leƙa gareji, ga shi can ya riga ni shiga mota, a kujerar gaba, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, yana jirana.